Shekarar da Makka Ta Ɓace a Dish Ɗinmu

Ni na kori yayanku Idrisu daga gidan nan. Ba neman kuɗi ne ya fitar da shi ba, kamar yadda aka gaya muku kuna ƙanana. Na kore shi ana gobe hawan Arfa, a kan dish ya daina kawo hoto, kuma ba shi ya ɓata shi ba. Bayan shekara uku ya rasu a Malanbil, cikin ƙasar Benin da tsofaffi ke ce wa Dahome, ban gaya masa gaskiya ba. Uwarku Hajara ta sani, kawunku Sanda ya sani, ku ne ba ku sani ba. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ina faɗa ne 'yar'uwarku Safiya tana rubutawa, na kuma ce mata kada ta sassauta min ko kalma ɗaya.

Kafin dish na yi sana'o'i. Na tuƙa kwalekwale a kogin Kwara har ranar da ya kife da mu, mu kaɗan muka fito. Na yi dakon jarkokin fetur a babur ta hanyoyin daji, har na faɗa rami ƙafata ta karye wuri biyu. A wajen jinyar ƙafar, a Malanbil, na zauna wata biyar a bakin shagon wani Bayarabe mai suna Rafiyu, mai haɗa dish. Ba ni da abin yi sai kallon hannunsa. Da na miƙe na bi shi shekara biyu ina riƙe masa tsani. Na dawo Illo da sufana uku da ƙaramar talabijin ta gwaji. Daga nan har Kende da Lafagu, in dish ya ƙi, ni ake aika wa. Wannan ya shiga kaina fiye da yadda ya kamata.

Na gidanmu ba irin ƙananan da kuke gani yanzu ba ne, waɗanda ake ɗaurewa wuri guda. Babba ne na raga, faɗinsa ya fi tsawon mutum, a kan ƙarfe a tsakar gida kusa da rijiya. A bayansa akwai jek, hannu ne na ƙarfe mai ƙaramin inji a ciki da muke ce wa mota, yana miƙewa yana komawa, shi ke juya farantin daga gabas zuwa yamma. Taurarin da ke aiko hoto a jere suke a sama, kowanne da mazauninsa. A ɗaki akwai akwatin da ke ƙidaya tafiyar jek ɗin, kowace tasha da lambarta. Ban iya karatu ba, amma na san lamba. Tashoshin ƙasarmu suna tsakiya. Ƙwallon Turai tana can ƙarshen yamma. Makka tana can ƙarshen gabas, a ɗari huɗu da goma sha biyu. Don Makka na kafa shi. Kakarku, Inna, shekararta biyu ke nan a kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Sau biyu tana niyyar Hajji, Allah bai nufa ba. Na sa talabijin a ɗakinta. Da hantsi, in rana ta cika batirin sola, sai a kunna mata. Takan zaɓi mutum ɗaya cikin masu ɗawafi, ta bi shi da ido tana ƙirga masa zagaye har ya ɓace mata a taro, sannan ta zaɓi wani.

Yayanku a lokacin yana da shekara ashirin da biyar, yana tuƙa jirgin inji a mashigar Lolo. Ranar Asabar da la'asar yakan shigo ɗakin Inna ya ɗauki rimot. Ina jin su daga zaure.

"Kai, mijin banza," in ji Inna, kamar yadda kaka ke tsokanar jikanta. "Ka taho ka raba ni da Ɗakin Allah don ka kalli ƙattai da gajeren wando?"

"Amarya, minti casa'in ne kawai. Ka'aba ba ta zuwa ko'ina."

"Ni ce mai zuwa wani wuri, ɗan nema. Cefanen ma ina yake?"

Sai ya ciro mata ƙullin soyayyen kifi daga aljihu, ya cire ƙaya, ya ba ta a baki. Ta bar shi ya juya dish ɗin. In an tashi ya mayar mata gabas.

Ni ban taɓa irin wannan zama da shi ba. Ɗan fari ne. Kun san al'adarmu: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna ya damu da shi. Haka ubana ya yi wa yayana, haka na yi. In ina son abu wurinsa sai in ce wa Hajara, "Ki gaya wa wancan." In shi yana da magana sai ya ba uwarsa ta kawo min, ita ma ba da sunansa ba. Gida ɗaya muke, kwano ɗaya wani lokaci, amma maganarmu sai ta bi ta ɗakin uwarsa. Ban ga aibin haka ba. Sunan nan da kuka ji a farkon takardar nan, yau ne ya fara fita daga bakina.

A shekarar Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar damina. Ina kiwon wani jan sa don kasuwar layya. Aka yi ruwa kwana biyu ba ɗaukewa, tsakar gida ta zama taɓo, san ya tumɓuke turkensa. Na duba ban ga abin da ya kai ƙarfen dish ƙarfi ba, na ɗaure shi a nan. Kwana huɗu ya yi a wurin, ranar kasuwa na kai shi na sayar. Na manta da zancen.

Saura kwana goma Arfa, Hajara ta tare ni a zaure ta ce Makka tana yayyagewa. Na shiga na tarar hoton yana tsayawa, yana farfashewa, yana dawowa. Washegari ya tafi gaba ɗaya, sai shuɗin gilashi. Tashoshin ƙasa kuwa suna nan garau. Na ce aikin rabin yini ne. Na fara da waya, don damina ita ce abokiyar gabarta. Na bi ta taƙi-taƙi daga ɗaki har gindin farantin, ban ga inda ɓera ya ci ko rana ta fasa ba. Na kwance kawunan wayar, na tarar da ɗan tsatsa, na yanke na ɗaura sababbi na naɗe da roba. Babu. Na hau tsani na kwance abin da ke tsaye gaban farantin mai karɓar sigina, wanda ni nake ce wa ido, na girgiza shi ko ruwa ya shiga, na sa wani sabo daga jakata. Babu. Na ɗauki risiba, akwatin da ke ba talabijin hoto, a babur har Kende, gidan wani da na kafa wa irin namu, na jona, Makka ta fito tar. Ashe ba risiba ba ce. Saura jek. A cikin motarsa akwai ɗan maganaɗisu da ke ba akwati ƙidaya. In ya tsufa, ko in ana yawan kai farantin ƙarshe da ƙarshe, yakan tsallake ƙidaya, sai akwati ya ce an iso alhali farantin yana kallon wani wuri. Na sha ganin haka a gidajen mutane. Na tura jek ɗin gaba kaɗan-kaɗan, na dawo da shi kaɗan-kaɗan, sigina ya ɗan motsa ya faɗi. Na buɗe motar na goge, na shafa man giris. Kwana shida ina wannan. Kowace safiya in na shiga gaishe da Inna sai ta kalli gilashin, ta kalle ni.

A raina na riga na yanke hukunci. Wa ke kai farantin ƙarshen yamma duk Asabar? Na ce wa Hajara ta gaya wa wancan kada ya ƙara taɓa rimot. Da dawowata daga sallar azahar ta kawo min amsa.

"Malam, yaron nan ya ce in gaya maka, ƙarfen ne ya ɗan kwanta. Ya ce ka tsaya bakin rijiya ka daidaita shi da kusurwar ɗakin Inna, za ka gani."

"Wa ya kafa ƙarfen?"

"Kai ne."

"Buhu uku na siminti na zuba mai. Direban jirgi ne zai koya min dish? Shi ɓata, sannan shi aiko min da karatu?"

"Dubawa ce kawai, Malam. Taku goma ne daga nan zuwa rijiya."

Ban yi takun ba. A gidan kowa ƙarfe nake fara dubawa. A nawa na tsallake shi, don ni na kafa.

Ana gobe Arfa na je Lafagu aiki, na dawo bayan la'asar a gajiye. Tun daga ƙofar gida na hango farantin yana kallon yamma. Jinina ya hau. Na shiga na same shi tsaye a ƙofar ɗakin Inna da rimot a hannu. Da ya gan ni ya durƙusa. Ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi min magana kai tsaye.

"Baba, ba ƙwallo nake kallo ba. Gwadawa na yi. Yamma ma ba ta kamawa sosai, ka ga in gabas da yamma duka..."

Ban bar shi ya ƙarasa ba. Ban ma kalle shi ba. Hajara na kalla, tana bakin murhu.

"Ki gaya wa wancan, wanda ya hana uwata ganin Arfa ba shi ƙara kwana gidana."

Yana durƙushe tazarar da ba ta kai taku uku ba daga ƙafata. Ya ajiye rimot a kan tabarma, ya ce, "To, Baba." Ya shiga ɗakinsa ya ɗauko jaka ɗaya. Ya shiga wurin Inna, ta riƙe rigarsa da hannunta mai aiki, sai da ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Ku kuna wasa a ƙofar gida, ya shafa kawunanku ya wuce. Inna ta ɗaga murya iyakar ƙarfinta, bakinta a karkace.

"Mamman! Akwati ne ya lalace, ka je ka gyara akwati. Mi yaron ya yi maka?"

Na fita masallaci. Na ce a raina kwana biyu zai yi a Lolo wurin abokansa ya dawo cin nama. Ranar Arfa na kai wa Inna rediyo, ta ji huɗuba fuskarta na kallon bango. Ranar Sallah aka yanka rago, ba ta ci ba. Bai dawo ba. Aka ce an gan shi ya bi jirgin kaya ya haura Malanbil.

Kwana shida bayan Sallah aka kira ni Kende in kafa sabo. Na haƙa rami, na tsayar da ƙarfe, na ciro zare mai noti a baki na rataya a jikinsa, kamar yadda nake yi kullum, don in ga ko ya tsaya daidai. Ina kallon notin yana lilo sai na tuna ban rataya shi a ƙarfen gidana ba. Na bar aikin, na hau babur na dawo gida. Na rataya zaren a ƙarfenmu. A sama ya manne, a ƙasa ya buɗe faɗin yatsa biyu. Na durƙusa. Ga sawun igiya ya goge fenti ya zagaye ƙarfen. Na kwashe taɓon gindin da hannu, ga simintin ya tsage, ya ɗago ta gefe guda. Dish mai juyi, in ƙarfensa ya kwanta ko kaɗan, tsakiya takan kama, amma gabas da yamma duka sai su kauce. Rafiyu ya koya min wannan a watana na farko. Abin da yayanku ya so ya gaya min ke nan. Shi ba wanda ya koya masa, da ido ya gane.

Na haƙe gindin, na tokare ƙarfen da itace, na cika da duwatsu da sabon siminti. Bayan kwana uku na danna ɗari huɗu da goma sha biyu. Jek ya yi gurnani ya tsaya, Ka'aba ta fito. Ban gyara lamba ko ɗaya ba. Ƙidaya ba ta taɓa tsallakewa ba. Inna ta kalli hoton ɗan lokaci.

"Kashe shi," in ji ta. "Ka tafi Dahome ka taho min da mijina."

Da rana na gaya wa Hajara abin da na gano, a taƙaice. Ta ci gaba da tankaɗe. Malanbil ba ta da nisa, in ka fita da safe za ka yi azahar a can. Na san hanyar fiye da kowa. Amma uba ya tashi ya je ya tsaya gaban ɗan fari ya ce shi ne ya yi kuskure, ban taɓa ji ba, ban taɓa gani ba. Na kira ƙanen Hajara, Sanda, mai kai albasa kasuwar can. Na ce ya gaya masa ya dawo gida, an yafe masa. Sanda ya dube ni.

"Yaya, haka zan faɗa?"

"Haka za ka faɗa."

Bayan mako ya dawo ya zauna a zaure, yana juya hula a hannu.

"Na same shi, shina gyaran injin jirgi bakin ruwa. Lafiya lau. Ya ce in gaishe ka, in gaishe da Inna."

"Sai mi?"

"Ya ce in tambaye ka, mi anka yafe mai?"

Na ce ya ga taurin kan yaran zamani. Na tashi na bar shi a zaune.

Inna ta rasu da kaka, ana yankan shinkafa. Ba ta yarda an sake kunna mata talabijin ba. Ranar uku yayanku ya zo gaisuwa. Ina zaune a tabarma a ƙofar gida cikin maza, na hango shi tun daga kan kwana. Ya rame, ya tara gemu. Ya cire takalmi daga nesa, ya zo ya durƙusa gabana.

"Baba, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna."

"Amin."

Ya ci gaba da durƙuson. Bai tashi ba, yana jira. Farantin yana leƙowa ta saman katanga, a tsaye daidai, na san ya gani. Liman yana gefena, maƙwabta suna kewaye. Maganar tana bakina, kalma biyar ce ko shida. Na ce, "A shiga ciki a gaida mata." Ya shiga, ya daɗe wurin uwarsa, ya je maƙabarta. Hajara ta share ɗakinsa ta shimfiɗa tabarma. Kafin magariba ya ɗauki jakarsa. Ta riƙe shi tana kuka, ya ce mata Baba bai janye maganarsa ba. Gaskiya ya faɗa. Ina jin su ta bayan zana, ban fito ba.

Na riƙa cewa sai Sallah mai zuwa, sai in an gama girbi. Na ji ya yi aure, na aika da buhun shinkafa ba tare da saƙo ba. Na ji an haifa masa ɗiya, na aika da rago. Wata safiya ta Laraba Sanda ya bugo waya ya ce Allah ya yi wa yayanku rasuwa, amai da gudawa ne, kwana biyu kacal. Na hau babur a lokacin. Hanyar da na kasa bi shekara uku, na bi ta kafin azahar. Na tarar an dawo daga maƙabarta. Aka nuna min tudun ƙasa, ɗanye, da reshen ƙaya a kai. Matarsa Fati, Badendiya ce 'yar asalin garin, ta zo ta durƙusa daga nesa da yarinyar a baya. Na ce mata da Dendanci ta yi haƙuri, na ce ni ne sanadin zuwansa garin nan. Ta ɗago kai.

"A'a, Baba. Shi ya ce min aiki ne ya kawo shi. Ya ce kai ka sa mai albarka ya taho."

Haka ya gaya wa kowa. Haka ya roƙi uwarsa ta gaya muku. Ni kuma na bar maganar ta zauna, don ta yi min daɗi.

Da na dawo na kwance farantin na ba wani makeri. Na ci gaba da sana'a shekara biyu, sannan ƙafa ta ƙi tsani. Hajara ba ta taɓa ɗaga min murya a kan wannan ba. Tana kawo min abinci, tana wanke min kaya, muna gaisawa da safe. Hira kuwa ta ƙare tsakaninmu tun ranar Larabar nan. Kada ku ga laifinta.

Ga dalilin da ya sa na tara ku a takarda. Na tambayi malamai, sun ce ɗiyarsa Amina ba ta da gado a wurina, tunda ubanta ya riga ni tafiya. Ban yi musu da shari'a ba. Amma abin da yake nawa ina da rai, ina da ikon bayarwa. Fadamar shinkafa ta hanyar Lolo na ba ta kyauta, gaban liman da Sanda da mai unguwa, an kuma damƙa wa Sanda yana noma mata. Na san ita ce gona mafi kyau, na san wasunku sun sa rai. Bayan raina kada in ji an ce ubanta ya bar gida da kansa, ba shi da rabo. Ba da kansa ya bari ba. In akwai mai jin haushi, ya zo ya same ni yanzu, kada ya jira yarinyar.

Ina Illo, a zauren gidan nan, inda kuka saba samuna. Idona ɗaya ya rufe, ɗayan yana bi. Masallaci kaɗai nake zuwa, da sanda. Duk ranar Juma'a ta farkon wata Sanda yakan ɗauke ni a babur zuwa Malanbil. Yarinyar ta kai shekara tara. Tana kirana mijinta, tana cewa na tsufa, za ta sake ni. Ina kiran sunanta da ƙarfi a gaban kowa. In na fito daga gidansu ina biyawa ta maƙabarta, in tsaya, in faɗi abin da ya kamata in gaya masa tun yana raye, sannan mu kamo hanya kafin a rufe mashigar iyaka.